Iyakar Burgu a Falalen Shanya

A wani daji mai yawan inuwa da ƙarancin sarari, akwai falalen dutse guda ɗaya tak da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Wurin ajiya bai taɓa yi wa dajin ƙaranci ba. Ga ramuka, ga kogon itace, ga ƙarƙashin saiwa. Wurin aiki ne babu. Duk wanda zai shanya gyaɗa, ko ya sheƙe gero, ko ya baza sassaƙen magani ya tsince, sai ya hau falalen nan. Abin da ke rami yana nan lafiya, amma sai an tona, an jawo, an kakkaɓe. Abin da ke kan falale kuwa hannu kawai ake miƙawa.

Gidan Rema ne ke riƙe da falalen tun kaka da kakanni. Mai riƙonsa a wannan zamanin sunanta Tabawa, ana kiranta Magajiya. Gajeriya ce mai kauri, ba ta da wutsiya, ba ta kuma taɓa jin cewa an rage mata wani abu ba. Aikinta ta zauna a ƙoƙuwar dutsen, ta nuna wa kowa inda zai baza kayansa, ta kuma tashe shi idan sun bushe. Gidansu yana da magana ɗaya da yake taƙama da ita: ba a taɓa mayar da mai shanya ba. Uwarta ta faɗa mata, ita ma tana faɗa, a wurin suna, a wurin ta'aziyya, ko ba a tambaye ta ba.

Sai Cindo ya zo.

Cindo burgu ne, kuma ba ɓarawo ba ne, ko da yake danginsa sun yi suna a wannan fanni. Ramukansa sun ratsa ta ƙarƙashin kogi, sun ɓulla dazuzzuka da kasuwannin da babu ɗan dajin nan da ya taɓa takawa. Sana'arsa ɗauko. Ka ce masa kana so ka ga irin waken da ake shukawa a hayin kogi, kafin ka gama miƙa ya dawo da tsaba a kumatu. Zai zube maka a falale ka gani da idonka. In ka gama, ya rufe tsibin da ganyen gamji, ka ja farce a ganyen ya zama alamarka, ya zaunar da ɗansa guda a gefe yana gadi, yana sauya kayan da sabo idan sun kwana biyu. Ba ya karɓar ko ƙwayar gero. Shi ya sa kowa ke sonsa, shi ya sa kuma ba wanda ya tambayi inda yake ci.

Ranar da ya fara zuwa, wuri ya roƙa kamar sawun giwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mata Inna. Tabawa ta nuna masa gefen gabas, ta ƙara masa da maganar gidansu.

Abin bai zo da hayaniya ba. Wanda ya aiki Cindo yakan duba tsibinsa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce a bar shi nan, zai dawo. Ba ya dawowa. Wanda ya nemi wake zai ga wata baƙuwar ƙwaya a ciki, ya ce a ɗauko masa ganyenta. Ya ga ganyen, ya ce a ɗauko ƙasar da ta tsira a kai. La'asar ta same shi da tsibi a jere, ya manta wake ya zo nema. 'Yan kasuwar nesa kuma ba sa ba Cindo komai sai sun haɗa shi da hajarsu, don haka kowane tsibi yana zuwa da rakiyar abin da ba a nema ba, irin su maganin ƙarin gashin wutsiya da man gyaran ƙaho. Wani tsibin ma da gyare ya zo a ciki. Gyaren nan ya yi ta kuka damina guda, babu wanda ya gano ƙarƙashin wane ganye yake.

Sawun giwa ya zama makwancin giwa. Makwanci ya zama rabin dutse. Matar Cindo tana haihuwa, kowane ɗa yana samun tsibin gadi tun idonsa bai gama buɗewa ba. Tabawa tana kallo daga ƙoƙuwa. A ganinta dutsen da ya ishi kakanninta ba zai gaza a hannunta ba, kuma cewa wani ya isa haka ba ya cikin tarbiyyar gidansu.

Wata rana ruwa ya kwanta a gonar wani kurege mai suna Nomau, ya tilasta masa cire gyaɗarsa da wuri. Ya hau dutsen da ita jiƙe sharkaf, ya gaida Magajiya, ya tsaya a nuna masa wuri. Tabawa ta sauko daga mazauninta. Ta bi dutsen daga gabas zuwa yamma, tana tsallake ganye, tana taka wutsiyoyin 'ya'yan burgu. Babu sararin da zai ɗauki ko tafi ɗaya.

Ta kira Cindo ta ce ya kwashe wasu. Ya amsa cikin ladabi cewa tsibin ba nasa ba ne, na masu alama ne, su ce a ɗauke ya ɗauke nan take. Ta aika wa masu alama. Biri ya ce nasa yau-yau zai duba. Jimina ta ce ba ta tuna abin da ke ƙarƙashin nata ba, don haka ba ta yarda a taɓa ba, kada ya zamana abu ne mai muhimmanci. Gauraka, shugaban majalisar dajin, wanda alamarsa ta fi ta kowa yawa a kan dutsen, ya aiko cewa yana cikin nazari.

Nomau ya jira har inuwa ta rufe dutsen. Sannan ya tattara gyaɗarsa. Bai yi faɗa ba.

"Gwaggo," ya ce, "ashe ana mayarwa."

Ya sauka. Gyaɗar ta yi fumfuna a raminsa, noman shekara ya tafi. Tabawa ta so a ce zaginta ya yi.

Majalisa ta zauna a gindin tsamiya. Gauraka ya gyara tukkunsa, ya jira aka yi shiru, ya ƙara jira kaɗan don a ga an yi masa shirun.

"Jama'ar daji," ya ce, "abin da ya sami ɗan'uwanmu Nomau abin takaici ne, kuma ni ne na fara jin takaicin. Falalen nan amana ne. Mun bar wa gidan Rema riƙonsa domin a samu tsari, ba domin a riƙa maimaita mana kirari ba. Na yi bincike a kan yadda sauran dazuzzuka ke tafiyar da duwatsunsu. Binciken yana can kan dutse, mai so ya je ya ga yawansa. Abin da na fahimta shi ne, wannan cunkoso sakaci ne ya kawo shi, kuma sakacin yana da mai shi. Kaka na tafe. Gero zai sauko, wake zai sauko. Idan aka sake mayar da mai shanya ko guda, majalisa za ta karɓi falalen daga gidan Rema, ta ba wanda ya fi kusa da shi. Ina jin duk mun san wanda ya fi kusa da shi yanzu."

Idanu suka koma kan Cindo. Tabawa ba ta juya ba. Tana lissafin kakanninta ne a zuci, tana neman wanda aka taɓa yi wa irin wannan magana a bainar jama'a. Ba ta samu ba.

Aka buɗe fili. Ɓauna ta ce a ba ta hantsi ɗaya ta share dutsen da ƙaho. Beguwa mai magani ta tuna mata cewa akwai saiwoyin da take tsakiyar tantancewa a wurin, kuma ba ta ga yadda ƙaho zai tsallake su ba. Jimina ta ce a kori burgun daga dajin baki ɗaya. Aka yi tafi. Tafin ya mutu da wuri, domin duk wanda ke wurin ya aiki Cindo a safiyar, har da Jiminar, kuma saƙo suke jira.

Aka ba Cindo dama. Ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne. Ban taɓa ɗauko abin da ba a aike ni ba, in ban da 'yar rakiyar da 'yan kasuwa ke haɗo ni da ita. Ban taɓa jin mai tsibi ya ce mini ɗauke na ƙi ba. Gaskiyar magana, ban taɓa jin wani mai tsibi ya ce mini ɗauke ba. Da na zo, na tarar da rabin dutsen nan rana kawai yake sha. Na ga asara ce. Na cika shi don in kun dawo ku sami kayanku a shirye, ba sai kun jira na je na dawo ba. Kuna son saurin, ku kuka faɗa mini. In an ba ni wani dutsen ma cika shi zan yi, haka aka yi ni. A nuna mini inda zan tsaya, zan tsaya. Har yau ba wanda ya nuna."

Maganar ƙarshe ta sami Tabawa a inda ba ta so. Gaskiya ce, kuma daga bakin burgu ta fito. Ta miƙe, ko da yake miƙewarta da zamanta ba su da bambanci sosai. Ta ce ba za ta kori Cindo ba, gidansu ba ya kora. Za ta nuna masa wurinsa, aikin da ya kamata ta yi tun ranar farko.

Ta sauka rafi ta ɗebo farar ƙasa. Da fushi ta ɗebo ta, da fushi ta ja da'ira a gefen gabas, daidai sawun giwar da ya roƙa da farko, ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba. Ta ce daga yau duk sabon aike a ciki za a zube shi. Tsofaffin tsibin ta bar su tukuna, sai ta ga yadda za ta yi da masu su.

Da'irar tsibi ɗaya take ɗauka. Da safe Beguwa ta zo tana so ta kwatanta saiwa biyu daga dazuzzuka biyu. In an kawo ta biyu sai an ɗauke ta farko. In ta sake neman ta farko, a mayar da ta biyu. Bayanta jama'a sun yi layi, kowa da aikensa, kowa yana tsaki. Cindo ya yi ta kai da kawo, yana shiga rami yana fita, har gashinsa ya jiƙe. Rana tsaka ya fito da kumatu cike, ya yi tangaɗi, ya faɗi rigingine a tsakiyar da'ira. Kayan suka watse. 'Ya'yansa suka daskare kowa a inda yake, ana yi musu magana ba sa amsawa.

Daji ya yi fushin da bai yi ba a kan gyaɗar Nomau. Wuni guda babu Cindo, sai ka ce ruwan sha aka ɗauke. Gauraka ya aiko cewa majalisa tana duba yiwuwar kada ta jira kaka.

Washegari Tabawa ta yi abin da babu wata Magajiya da ta taɓa yi. Ta sauka daga dutse ta shiga ramin burgu. Ta same shi kwance, matarsa na yi masa fifita da ganye.

"Sannu da jiki."

"Yawwa, Inna. Da kin aiko ai da na zo."

"Da wace ƙafar?" Ta zauna. "Layin nan na ja shi ne don in huce, ba don ya yi aiki ba. Yanzu na huce. Faɗa mini gaskiya. Tsibin da ake dubawa da gaske, ranar da aiki ya fi yawa, ina faɗinsu ya kai?"

Cindo ya daɗe yana motsa gashin bakinsa. Ya ce ba za su wuce kashi ɗaya cikin uku na dutsen ba, har da wurin juyawa.

"Sauran fa?"

"Sauran, Inna, ba kayan ake so ba. So ake a san suna nan."

Tabawa ta ce to a bar su su sani. Ganye zai zauna da alamar mai shi. A jera ganyayen a bakin da'ira, a danne kowanne da tsakuwa kada iska ta ɗauka. Kayan ne za su koma inda suka fito. Duk ranar da mai ganye ya ɗaga, Cindo ya ruga ya ɗauko masa sabo, abin da zai rasa ɗan jira ne kawai. Za ta faɗaɗa da'irar ta kai yadda ya ce. Za a yi ta kwashe tsofaffin tsibi har abin da ya rage ya shiga ciki, kuma daga nan duk lokacin da ta cika, kafin sabo ya shiga sai tsoho ya fita.

Cindo ya tambayi da na wa za a fara. Ta ce ba da girma za a bi ba, ba kuma da ƙanƙanta ba. Wanda aka fi daɗewa ba a ɗaga ganyensa ba, shi ne na farko.

Cindo ya dubi matarsa, ta tashi ta ba su wuri.

"Inna, naki ne na farko."

Tabawa tana da 'ya guda, Lanti, wadda aure ya kai wani dutse can bayan kogi. Shekarar da ta tafi, Tabawa ta aiki Cindo ya tsinko mata ciyawar ƙofar gidan Lanti, ta ga ko yarinyar na cin mai kyau. Ya kawo. Koriya ce shar. Ta rufe, ta ja farce, ta sa aka ajiye tsibin dab da mazauninta. Tun daga ranar 'ya'yan Cindo ke sauya ciyawar da sabuwa, ita kuwa ba ta sake ɗaga ganyen ba. Muddin ba ta ɗaga ba, koriya ce.

"Na Gauraka fa?" ta ce.

"Suna biye da naki, a jere. Amma naki ya girme su."

Cindo ya matso, ya rage murya. Ya ce abu ne mai sauƙi. Gobe da sassafe ta ɗaga ganyen ta leƙa, shi ke nan ya zama sabo, ya koma ƙarshen layi. Babu ƙarya a ciki, dokar ma ba ta hana ba.

"In na ɗaga gobe," ta ce, "jibi Gauraka zai sa a riƙa ɗaga masa nasa kowace safiya. Har ya naɗa Sarkin Ɗagawa, ya yi masa rawani."

"To a ware naki. Ke ce mai dutse."

"Ni ce mai riƙon dutse."

Ta tashi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita.

Da Cindo ya warke, ta goge tsohuwar da'ira ta ja sabuwa, wannan karon a hankali, tana ja tana tambayarsa. Ta aika aka sanar da majalisa da jama'a. Suka hallara a kan dutsen, kowa ya tsaya kusa da tsibinsa kamar za a raba gado. Ta bayyana tsarin. Ba a gama saurare ba Gauraka ya gyara murya. Ya yaba da hikimar, ya ce ta yi daidai da abin da bincikensa ya nuna. Sai dai akwai tsibin da ba na mutum ɗaya ba ne, na maslahar jama'a ne, irin waɗanda shugabanni ke tarawa, kuma yana ganin ya dace a ware su. Biri ya ce shi ma ɗan majalisa ne. Jimina ta ce ita ba 'yar majalisa ba ce, amma mijinta ya taɓa zama.

Tabawa ta bari suka gama.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "dutsen nan bai ƙaru ba tun zamanin kakata, bai kuma ragu ba. Mu ne muka ƙaru da son ajiye abu a gabanmu. Ban zargi Cindo ba. Aikinsa ya yi, ni ce ban yi nawa ba. An bar mini magana cewa ba a mayar da mai shanya, na ɗauka ma'anarta kada a ce wa kowa ya isa. Da na ƙi ce wa Cindo ya isa, sai dutsen ya ce wa Nomau, kuma Nomau ne mai shanyar. Layin nan ba hukunci ba ne. A cikinsa Cindo ya yi yadda ya ga dama, ba zan leƙa ba. A wajensa na masu gero ne da wake. Ba wanda zai rasa ganyensa. Wanda ke son kayansa ya ɗaga, a kawo masa. Amma ba zan ware na kowa ba, domin duk wanda ke nan yana da dalilin da ya fi na maƙwabcinsa, kuma na saurari wasu, masu kyau ne. Cindo, na wa ne na farko?"

Cindo ya dubi ƙasa. Ya ce na Magajiya ne.

Duk dajin ya san tsibin nan da abin da ke ƙarƙashinsa.

Tabawa ta taka zuwa gefen mazauninta. Ta dafe ganyen da hannu, ta kawar da kai, ta ce a janye ta ƙasa. Ɗan burgun da ke gadi ya janye ciyawar ya shige rami da ita. Ta ɗauki ganyen, ta kai shi bakin da'ira, ta zaɓi tsakuwa ta danne. Ta kakkaɓe hannu.

"Na biyu fa?"

Na Gauraka ne. Na uku ma nasa ne, haka na huɗu. Ya buɗe baki, ya dubi ganyen Magajiya a ƙarƙashin tsakuwa, ya rufe. Daga baya ya ce dama shawarar da yake shirin kawowa ke nan.

Aka yi ta kwasa. Dutse ya riƙa fitowa fari-fari, wuraren da rana ta daɗe ba ta gani ba. Can wajen tsakiya aka ci karo da gyaren. Ya yi ƙiba. A tsibin Jimina yake.

Kaka ta zo da albarka. Gero ya sauko, wake ya sauko, ba a mayar da kowa ba. Cindo ya rame kaɗan, ya kuma fi da sauri, tunda ba ya raba hankalinsa a kan abin da ba mai dubawa. Wasu sun yi gunaguni a kan ɗan jiran da ake yi in an ɗaga tsohon ganye, amma masu ɗagawar ba su da yawa. Gauraka ma tsarin ya karɓe shi. Tunda ganye ba ya cin wuri, jerinsa ya ninka na da. Duk baƙon da ya zo dajin sai ya kai shi ya nuna masa tsawon binciken. Ba a taɓa ganin ya ɗaga ko ɗaya ba.

Nomau ya zo da 'yar ragowar da ya samu daga gonar tudu. Tabawa ta sauko da kanta ta nuna masa tsakiyar dutse, inda rana ta fi daɗewa. Ya baza. Bai yi godiya mai tsawo ba, ita ma ba ta jira ba. Amma daga ranar maganar gidan Rema ta sauya. A wurin suna da wurin ta'aziyya Tabawa takan ce sau ɗaya aka taɓa mayar da mai shanya, a zamaninta ne, a zamaninta kuma aka ja layi. Masu lura sun ce ta fi ɗaga kai wajen faɗin wannan fiye da ta da.

Da aka gama shanya, majalisa ta bar maganar karɓar dutse kamar ba a taɓa yin ta ba. Wata safiya Tabawa ta sauko bakin da'ira, ta kawar da tsakuwar farko, ta ɗaga ganyenta. Cindo ya gani, ya shige rami. Ta zauna ta jira. Jiran bai kai yadda take tsoro ba.

Ya dawo ya zube ciyawar a gabanta. Busasshiya ce, irin ta kowane dutse bayan kaka. An gatsa bakinta wuri-wuri.

"Haƙoran nan ƙanana ne, Inna," ya ce. "Ba na Lanti ba ne."

Tabawa ta ɗauki tsinke ɗaya ta juya shi. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ajiye.

"Na gani. Ɗauke."

"In rufe, in ajiye ganyen?"

"Ɗauke duka. In ina so zan aike ka."

Cindo ya tsaya riƙe da ganyen, bai san inda ake kai shi ba. Ya ce wannan ne karo na farko da mai ganye ya ce masa ɗauke duka. Ta ce ya fara sabawa.

Da rani majalisa ta sake zama don nazarin abin da ya faru. Bayan dogon jawabi aka cimma matsaya cewa asalin matsalar ƙarancin dutse ce. Aka gano wani falale a yamma da ƙasa ta binne, wanda ya ninka na Tabawa, aka yi gayya aka share shi. Gauraka ya buɗe shi da kansa. Ya ce wannan ba ya buƙatar layi, domin girmansa ya wuce a ce ya cika.

A makon ne matar Cindo ta haihu. Tabawa ta je barka da ƙafarta, ta yi wa jariran addu'a, ta yaba lafiyarsu. A hanyar dawowa ta biya ta rafi ta ɗebi farar ƙasa.